Ƙofar Inna Ladi

Jiya da la'asar Nuru ɗan ƙanwata ya zauna a bakin shagona shi da abokansa, ya daddanna waya ya juyo mini fuskarta. Ya ce, "Kawu, duba. Kwantena daga Shina zuwa Lome, ga farashi ya fito. Fini! Wannan ne aikin da kuka tsufa kuna yi?" Na ce masa madalla, to ya tambayi wayar ko ana haɗa sabulu da ganyen shayi a ciki ɗaya. Suka yi dariya, wai tsoho ya fara. To, yau ga ku kun dawo, tun da kun ce aikin tiransite babu wuya, ku gyara zama. Kai kuma Nuru, da ka sha buga goshi a gajeriyar ƙofar nan ta ƙarfe da ke gidan marigayi Alhaji Garba kana zagin wanda ya ƙera ta, yau za ka ji daga inda ta fito.

Tiransite shi ne wanda ke tsaye tsakanin mai kaya da jirgin ruwa da duwan, wato kwastan. Mai kaya yana son araha, jirgi yana son kuɗi, duwan yana son takarda, kowa kuma kai yake harara. Ni a hannun Alhaji Garba na koya, wanda ake kira Mai Dalma saboda awartakin matse hatimin dalma da ba ya rabuwa da ƙugunsa ko a masallaci. Ofishinsa zaure ne a tsohon Zongo, ba wannan da kuka tashi kuka gani a bayan gari ba. Wancan a tsakiyar Lome yake. Da asuba kana jin ƙugin teku daga kan tabarmarka, babbar kasuwa kuwa da ƙafa ake zuwa, kafin kokon da ka saya ya huce ka kai Adawlato. Kayan aikinmu ba su da yawa: ma'aunin ƙarfe mai naɗewa, alli, sikeli, tafireta mai cin kabon, tocila, da wata tsohuwar mobilet, 'yar ƙaramar babur, da sai an tura ta take yarda ta tashi.

Ranar da kwantena ta fara shigowa hannunmu, don a da akwatunan katako muke yi, Alhaji ya kai ni bakin por, wato tashar jiragen ruwa, ya ce in shiga cikin wata wadda babu komai. Ina shiga ya sa aka rufe. Duhu ya rufe ni, zafi kamar tanderun burodi, na fara dukan ƙarfe ina salati. Ta waje na ji muryarsa yana cewa, "Bar ihu, Sani. Ɗaga kai. Kana ganin haske?" Na ɗaga, sai ga wani ɗan ɗigon haske a kusurwa. Ya ce, "Inda haske ya shiga, ruwan teku zai shiga. Yanzu shaƙa. Me ta ɗauko kafin ta zo?" Na shaƙa na ce kamar fata. Ya ce ɗanyar fata ce, kuma duk wanda ya zuba garin rogo a cikinta ya kashe mai garin. Muka mayar da ita aka ba mu wata. Har na bar aiki ban taɓa karɓar kwantena ba tare da na shiga an rufe ni a ciki ba.

Wani Ba'agadashe mai kayan fata ya taɓa zuwa mana da tumtum cike da mota, zai aika wa wani Bature a Marseille. Duk ya cusa musu audugar rimi sun yi ɓul-ɓul, yana ta murna wai ba su da nauyi, jirgi ba zai ci shi da tsada ba. Alhaji ya zagaya motar, ya dafa ɗaya, ya ce, "Aboki, iskar Lome za ka kai wa Yovo, Baturen nan naka, har ka biya mata kuɗin jirgi?" A nan na gane abin da wayarka ba ta gaya maka ba, Nuru. Jirgi awo biyu yake yi, na nauyi da na wuri, wanda ya fi tsada shi yake ɗauka. In ƙarfe ka kawo, nauyi za ka biya. In auduga ce, wurin da ta cinye za ka biya. Muka zauna a zaure muka zazzage tumtum ɗin nan kaf, muka ninke fatun, kayan mota guda suka koma akwati biyu. Audugar kuwa matan unguwa suka kwashe, aka yi ta ɗinka matasai a Zongo.

Hanyoyin aika kaya kuma ba ɗaya ba ne. Mai ƙarfi yakan ɗauki kwantena sukutum, ƙarama mai ƙafa ashirin ko babba mai arba'in, ya rufe abinsa shi kaɗai. Babbar ba ta ninka ƙaramar a kuɗi ba, shi ya sa masu haɗama ke rugawa gare ta, sai su cika ta da tayil ko ƙusa har ta fi ƙarfin motar da za ta ja ta. Akwai jirgi mai tafiya kai tsaye, akwai mai tsayawa Abidjan da Dakar yana gaisawa da kowa, wannan ya fi araha amma in manja ka ɗora masa sai ka yi ta addu'a. Akwai inshora, wadda mutanenmu ke cewa ai Allah ne mai tsarewa, Alhaji ya ce haka ne, amma a biya. Sannan kwantena ba taka ba ce, aro ce. In ta sauka ana ba ka 'yan kwanaki ka kwashe ka mayar, in ka wuce kullum tara ake rubuta maka. Kayan da suka kwana a sito kuma suna da nasu kuɗin kwana, shi ake kira magazinaj, ba ya sanin Juma'a ba ya sanin Lahadi.

Amma yawancin mutanenmu ba masu cika kwantena ba ne, saboda haka abincinmu yana cikin abin da Faransawa ke kira gurupaj, mu kuma a Zongo muke ce masa kwano ɗaya. Mutum goma, ko fiye, kowa da ɗan kayansa, a haɗa a ciki ɗaya, kowa ya biya gwargwadon wurin da ya ci. A nan gwaninta take. Alhaji yakan ce kaya ma suna da maƙwabta. Sabulu ba ya zama da shayi, busasshen kifi ba ya zama da atamfa, sassaƙen katako sai an yi masa hayaƙin magani kafin ya shiga, in ba haka ba ƙwaron cikinsa zai ci na kowa. Mai nauyi a ƙasa, mai laushi a sama, wanda za a fara saukewa a bakin ƙofa. Kuma abu guda da ba a rubuta ba, in duwan na can suka gani, ba shi kaɗai za su riƙe ba, duk kwanon za su riƙe.

Nan ne muka yi karo da al'adarmu. A Zongo ba a ƙin sallahu. Tun zamanin fatake, in za ka yi tafiya, maƙwabci ya miƙo maka ƙulli ya ce ka kai wa wane, ba ka da bakin cewa a'a. To mutane suka ɗauki kwantena kamar wani ɗan unguwa ne zai yi tafiya. Ranar da za mu rufe, sai ka ga tsofaffi sun yi layi a bakin zaure, wannan da ƙullin kuka, wancan da carbi, wata da yaji, duk za a kai wa 'ya'yansu da ke Faransa. Wasu tiransitocin sukan kore su, wasu su cusa a ɓoye su jawo wa masu kaya bala'i. Alhaji bai yi ko ɗaya ba. Ya sa kafinta ya yi masa akwati madaidaici, kowace tafiya ya biya kuɗin wurinsa daga aljihunsa, a rubuta duk abin da ke ciki a takarda yadda doka ta ce. Wurin akwatin a bakin ƙofa ta dama, da alli muke zana shi tun kafin a fara lodi. Shi muke kira gurbin sallahu.

Cikin masu kawo sallahu babu wadda ta kai Inna Ladi mai daddawa naci. Gajeriyar tsohuwa ce, ɗaki ɗaya take haya a bayan rijiyar unguwa, ba ta da kowa a Lome sai ɗanta Isufu, shi ma ya bi jirgi tun yana saurayi ya zauna a Marseille yana aikin walda. Ita ba ta karatu, shi ma bai yi nisa a lakol, wato makarantar boko, ba, don haka daddawar ita ce wasiƙarsu. In ta isa, ya san uwarsa na nan da ƙarfinta. Ku kuwa kun san daddawa, ƙulli ɗaya ya isa ya sa kwantena guda ta yi warin miya har Turai. Ranar farko na ce mata, "Inna, wannan kam ba zai shiga ba." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan wa ke nan? Kira mini mai zauren." Alhaji ya fito, ya saurare ta, ya aika aka samo gwangwanin madara babba, muka jera daddawar a ciki, maƙeri ya like murfin da dalma. Daga ranar aikin ya zama nawa. Ni nake jerawa, har na san daddawarta kamar yadda na san tafin hannuna. Kowace ɗaya takan danna mata babban yatsa a tsakiya, yatsan kuma yana da tsohon tabon wuƙa, sai shaidar ta fito da tsaga a ciki.

Wata tafiya ta kawo gwangwaninta, ta kuma ciro wata igiyar rama daga bakin zane, da ƙulli a wurare. Na ce mece ce wannan, me zan rubuta a takarda? Ta ce, "Rubuta igiya. Wani matuƙin jirgi ya kawo mini saƙon Isufu, ya ce in auna masa ƙofar ɗakina. Daga nan zuwa nan tsawo, daga nan zuwa nan faɗi. Ƙyauren ya ruɓe, damina tana shigo mini." Na ce, "Inna, maƙeran Lome sun mutu ne? Kuɗin jirgin ƙofa daga Faransa ai ya sayi ƙofa uku a nan." Ta ce, "Na tambaye ka?" Na rubuta igiya, na saka a akwati.

Sai mummunar shekara ta zo. An daɗe ana raɗe-raɗin za a tashi Zongo, wai ya ɓata fuskar birni, amma ba wanda ya yarda, don kakanninmu a nan aka binne cibiyarsu. Zamanin kuwa jam'iyya ɗaya ce, hoton mutum ɗaya ne a kowane bango, magana a ciki ake yin ta. Da umarni ya fito ba wanda ya ɗaga murya. Motocin rusau suka shigo, mutane na ta fitar da tukwane da katifu. Na ga zauren Alhaji ya faɗi ina ɗauke da tafireta a ka. Masu gida aka yanka musu filaye can arewa da gari, inda a lokacin babu komai sai ciyawa da sauro. 'Yan haya kuwa kowa ya kama gabansa. Wasu suka nufi Kodjoviakopé, wasu suka tsallaka Aflao, wasu suka koma Najeriya ko Nijar da ba su taɓa gani ba. Har yau in na wuce wurin nakan rage tafiya, ina neman inda rijiyar take, ba na ganewa. Kewar unguwar nan ba ta taɓa sakina ba.

Aiki ya mutu a shekarar. Masu kawo mana kaya sun watse, wanda ka samu kuma kuɗinsa ya tafi a bulo da kwano. Muka samu wani lungu a Adawlato muka ajiye tebur. Sai mu yi wata da watanni kafin mu cika kwano ɗaya, mu da muke rufewa duk jirgi. Sallahu ma ya ɗauke, don tsofaffin ba su san inda muka koma ba, mu ma ba mu san inda suke ba. Duk da haka Alhaji bai fasa zana gurbin da alli ba, akwatin ya tafi da ɗan abin da aka samu. Gwangwanin Inna Ladi dai babu shi, kuma ba wanda ya ga inda ta nufa ranar rusau.

Ana cikin haka wata safiya Fo Kosi ya tare ni a por. Shi ne mai kula da ɗaya daga cikin sitocin, Bamine ne, ɗan ƙabilar bakin tekun nan, da sunansa Musye Pol kafin a ce kowa ya ajiye sunan Turawa. Ya ja ni gefe ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Sani, kaya ya zo, na mutanenku ne. Zo ka gani." Wani siririn akwatin katako ne jingine da bango, mai nauyin tsiya. A jikinsa an rubuta da baƙin fenti: Madam Ladi, Zongo, bayan rijiya, Lome. Isufu bai san an tashi Zongo ba. Ƙofar da Inna ta auna ce a ciki, ta fi ƙarfin akwatin sallahu, sai ya biya mata wuri a jirgin wani kamfani, ya kuma sa sunan uwarsa don a kira ta da Madam a por. Da sunan Alhaji ya sa, da a ranar mun fitar. Yanzu kuwa ba mai taɓa ta sai mai sunan ta zo da kanta ta dangwala yatsa. Magazinaj ya fara tafiya, kuma kayan da suka daɗe ba mai su, duwan gwanjonsu suke yi.

Na ce wa Alhaji mu aika wa wakilinmu na Marseille ya gaya wa Isufu halin da ake ciki. Ya juya awartakinsa ya ce, "In ce masa me? Mun ɓatar da uwarka? Jirgi ya riga ya je masa babu gwangwani, ka san abin da yake tunani yanzu. Ba zan ƙara masa da takarda ba. Nemo ta."

Na nema. Mobilet ɗin nan ta ga duniya. Na bi Kodjoviakopé gida-gida ina tambayar 'yan canji, don su ba abin da ke wuce su. Na tsallaka Aflao, na je sabon Zongo inda mutane ke kwana a rumfunan kwano, na tambayi masu wankan gawa ma, a asirce. Wani ya ce ya ga an ɗora ta a motar Dosso, wata ta ce a'a, asibiti aka kai ta. Duk ranar da na shiga por Fo Kosi sai ya girgiza kai. Da masu gwanjo suka fara zagayawa da allinsu, ya tura akwatin bayan dilolin tsumma. Suka sake zagayowa ya mayar da shi bayan tayoyi. Rannan ya ce mini, "Fofo, ɗan'uwa, sun gan shi. Sun sa masa alama. Na juya fuskarsa bango, amma gwanjo mai zuwa ba ni da dabara kuma."

A makon nan ne na dawo gida a gajiye na tarar matata Hadiza tana haɗa miya, ta ajiye daddawa a faranti. Na wuce, sai na dawo da baya. Na ɗauki ɗaya na kai bakin ƙofa wurin haske. Ga shaidar yatsa a tsakiya, ga tsagar. Na ce, "Hadiza, ina kika sayi wannan?" Ta ce, "Lafiya? A Adawlato mana, wurin wata Bamina mai afiti." Afiti shi ne sunan daddawa a bakinsu. Ko takalmi ban tsaya ɗaurawa ba. Bamina ta ce ita ma sari take yi, daga hannun ƙanwarta da ke Adidogomé, wadda wata tsohuwar Bahausa ke zaune a gidanta.

Adidogomé a lokacin ƙauye ne, gonakin rogo ne ta ko'ina. Na same ta a bayan gidan, ƙarƙashin wata rumfa da aka kewaye da zana, tana tsame kalwa daga tukunya. Ta rame, amma bakin yana nan. Matar gidan tsohuwar mai sayen daddawarta ce, ita ta tsince ta a bakin titi ranar rusau da tukwanenta, ta kawo ta, ta yi jinyarta da zazzaɓi ya kwantar da ita. Inna ta ɗago ta gan ni ta ce, "Ɗan zauren Garba! Sai yau? Na aika a duba zauren aka ce ko bango babu." Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ƙofarki ta iso." Ta ajiye ludayin, ta juya ta dubi zanar da ke kewaye da ita. Can ta ce, "To. A sa ta a ina?"

Washegari na ɗauko ta a tasi muka je por, muka tarar ofis a rufe. Babban mutum zai dawo daga tafiya, an kwashi ma'aikata kaf an jera su a titi suna rawa da tafi, gwanjo kuma saura kwana kaɗan. Hankalina ya tashi, ita ko a jikinta. Ta kwana a gidana, da sassafe muka koma. Alhaji ya riga mu zuwa, ya bi 'yan kwano ɗaya da suka rage kowa ya kawo abin da ya samu aka biya magazinaj, wanda a lokacin ya fi kuɗin ƙofar nesa ba kusa ba. Ma'aikacin duwan ya dubi takarda ya dubi tsohuwa ya ce, "Madam Ladi?" Ta gyara mayafi ta ce, "Ni ce." Ya kama yatsan ya danna a tawada ya danna a takarda. Fo Kosi da kansa ya goge alamar allin da hannun rigarsa, Inna ta ce masa akpe, wato na gode da yarensu, ta kuma damƙa masa ƙullin daddawa.

A filin Alhaji na sabon Zongo muka buɗe akwatin, don tun a por ya gaya mata, "Inna, a filina ma akwai gurbin sallahu. Kusurwar dama taki ce." Ƙofar ƙarfe ce koriya, waldarta sumul, babu inda za ka sa farce. Ya sa sakatar ciki ƙasa-ƙasa, daidai inda hannun gajeriyar mace zai kai. A jikin mariƙin kuma ga igiyar ramar nan a ɗaure da ƙulle-ƙullenta. Magini ya auna ya yi dariya, ya ce wannan ai ƙofar akurki ce, yanzu ba a yin irinta, bari ya ɗaga bango ya ƙara mata gilashi a sama, ya kuma sauke dokin ƙofa. Ɗakunan tsohon Zongo ƙofarsu gajera ce, dokin ƙofa kuma mai tudu, saboda ruwan da ke kwanciya da damina. Inna ta ce, "A'a. Ba ƙofa za a gyara ba. A gina ɗaki daidai ƙofa, yadda wancan yake, da tudunsa." Magini ya dubi Alhaji, Alhaji ya ce a yi yadda ta ce.

Jirgi na gaba ya tafi da gwangwani, ni na jera, maƙeri ya like. Wakilinmu ya ba mu labari daga baya cewa Isufu ya zo sito, da ya ga gwangwanin sai ya zauna a ƙasa a gaban mutane ya rungume shi. Haka aka ci gaba shekaru, gwangwani na tafiya, bargo ko tocila na dawowa, shi kuma kullum ana cewa baɗi zai zo, takardunsa ne ba su daidaita ba. Alhaji ya rasu, na gaji awartakin da gurbin. Bayansa Inna ta bi. Wannan karon na rubuta takarda, don babu gwangwanin da zai faɗa masa.

Bayan damina biyu ko uku sai ga wani dogon mutum mai furfura a bakin tebur ɗina a Adawlato, da jaka a kafaɗa, Hausarsa ta yi tsatsa. Ya ce shi ne Isufu. Ya ce daga filin jirgi ya sa mai tasi ya kai shi Zongo, aka kai shi wani wuri mai dogayen gine-gine, ya ce ba nan ba, aka ce nan ne da. Na rufe tebur na ɗauke shi muka tafi sabon Zongo. Muna tafe yana waige-waige, ba titin da ya sani, ba bishiya, ba fuska. Yara suna binsa da kallo, ya yi sallama a majalisa aka amsa masa kamar baƙo. Ya ce mini, "Malam Sani, ni ban san garin nan ba. Da na sani ban zo ba."

Muka shiga gidan Alhaji, na karɓo mabuɗi na buɗe ɗakin, na ja baya. Yana ta ba ni labarin wahalar takardu, fuskarsa na wajena, ko kallon ƙofar bai yi ba. A haka ya sunkuyar da kai, ya ɗaga ƙafa ya tsallake tudun, bai taɓa sama ba bai taɓa ƙasa ba. Sai da ya tsinci kansa a ciki maganar ta tsaya masa. Ya juyo ya dubi ƙofar, ya dubi ƙafarsa. Ya kai hannu ƙasa ya taɓa sakatar, wurin da fentin ya goge saboda hannunta. Ya ce, "Malam Sani, ba ni wuri kaɗan." Na jawo masa ƙofar, na ji ya sa sakata. Bai fito ba sai da aka kira magariba.

Yanzu ba mai zana gurbin sallahu, kowane taƙi na kwantena an sayar tun kafin ta iso, kuma ban ce laifi ba ne. Wayarka ma ba ƙarya ta yi maka ba, Nuru, farashin da ta ba ka shi ne farashin. Sai dai gobe in an aike ka gidan Alhaji, ka rage tsawo kafin ka shiga. A duk Lome, faɗin wannan ƙofa da tsawonta su kaɗai suka rage na tsohon Zongo. Ni duk ranar da kewa ta dame ni, can nake zuwa in karɓi mabuɗi, in sunkuya in shiga.